Gaɓar da Babu Mai Kafa Tuta

Ɓatan hanya ne ya kai su wurin. Daga Durban suka taso za su ƙauyen su Khethiwe a ƙasar Mpondo, bikin buɗe dutsen kabarin kawunta. Mijinta Lungelo, wanda bai taɓa tambayar hanya ba tun da uwarsa ta haife shi, ya saki kwalta ya bi wata burji. Burjin ta yi ta gangarawa har ta ƙare a bakin teku.

Ya kashe mota ya saki baki. Igiyoyin ruwa ne ke tasowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fi ɗaki tsayi, tana naɗewa a hankali kamar tabarma, kuma babu ko mutum ɗaya da ke hawansu da allo. A Durban sai ka yi zage-zage da rabin gari kafin ka samu irin wannan.

"Baban Zinhle, kada ma ka fara," in ji Khethiwe. "Ana jiranmu, ga nama a bayan mota."

"Ɗaya tak, Maman Zinhle. Ɗaya!"

Allon hawan ruwansa kuwa ba ya barin bayan a-kori-kurar nan, ko asibiti za a je. Kafin ta rufe baki ya tuɓe kwat, ya ɗaura igiyar allon a ƙafa, ya faɗa ruwa.

Ta duba dama da hagu, ba ta ga jar tuta ba, sai hankalinta ya kwanta. Haka suka saba a gida: akwai raga a cikin teku mai tare kifin shak mai cin mutane, ran da aka janye ta kuma masu gadi su kafa tuta su kori kowa. In babu tuta, ruwa lafiya ke nan. Kaico, ko a ranta ba ta kawo cewa nan babu mai kafawar ba.

Wata tsohuwa da ke ɓamɓarar katantanwar teku a jikin duwatsu ta miƙe tana dafa ƙugu.

"'Yata, wancan naki ne?"

"Mijina ne, Mama."

"Kin gaji da shi ne?"

Ta nuna da wuƙarta. Can bayan Lungelo fararen tsuntsaye ne ke faɗowa ruwa daga sama, tim, tim, ba iyaka.

"Kifin sadin ya iso tun jiya," in ji tsohuwar. "Ko shanunmu ba ma bari su taka ruwan nan."

Babu ɗan Durban da bai san kifin shak ne ke bin sadin a baya ba. Khethiwe ta kwarma ihu, iska ta maido mata da shi. Ta fizge ɗankwalinta tana kaɗawa da hannu biyu, shi kuwa gogan ya ɗaga mata babban yatsa, wai shi a dole kirari ake masa. Ta ruga mota ta danne ham har hannunta ya sage. A banza.

Sai ga wani baƙin faci a ruwan yana matsowa inda yake, wani abu toka-toka mai tsini na yanka gefensa. Ba abin da ta gani sai fuskar Zinhle, 'yarsu da suka bari wurin kaka. Me za ta koma ta ce mata?

Igiya ta taso, Lungelo ya miƙe a kanta, sai allon ya yi tsalle kamar an harbe shi daga ƙasa. Ya ɓace a cikin kumfa. Khethiwe ta kutsa ruwan har ƙugu da kayan bikinta, tsohuwar na riƙe da zanenta tana ja baya.

Can sai ga kansa. Igiya ta gaba ta kwaso shi rub da ciki a kan allon, ta zubar a gabansu. Ta cafke shi tana shafa hannu, tana shafa ƙafa, tana kuka. Komai na nan. Dariya ma yake yi.

"Haba, kukan na mene ne? Dutse ne kawai ya buge min allo. Bari in ƙara ɗaya mu tafi."

Ya juya allon don ya ga ɓarnar. Hudoji ne jere, sun yi zagaye da faɗin faranti, wani farin haƙori maƙale a ɗaya.

Tsohuwar ta leƙa, ta goge wuƙarta a zane.

"Ɗana," ta ce, "tun ina yarinya nake bakin ruwan nan. Babu dutse a wurin."