Ƙwan Zabuwa a Madubin Bature

Duk Sakkwato, in ana duban jinjirin wata, bakin Malam Gidaɗo ake jira. In ya ce ya gani, alƙali ya karɓa, gari ya tashi da azumi. Shi kuwa yana ji da idanun nan nasa kamar ɗa ɗaya tilo.

To, bazarar da wani Bature mai awon ƙasa ya sauka bayan ganuwa da madubin hangen nesa, son sani ya hana Malam sakat. Ana idar da magariba ya ja amininsa, Muntari majemi, suka tafi. Tafinta ya yi musu iso, Bature ya daidaita madubin ya ja gefe.

Malam ya runtse ido ɗaya ya leƙa. Taurari kam ga su nan tar. Amma a tsakaninsu ga wani farin tabo, dishi-dishi, mai siffar ƙwan zabuwa. Ya murza ido ya sake dubawa, yana nan. Gabansa ya faɗi, don irinsa mahaifinsa ya riƙa gani kafin yanar ido ta rufe masa gani.

Bai nuna ba. Ya ce, "Muntari, taho ka duba. Mi kag gani?"

"Wani abu hwari-hwari, awa ƙwai."

Wayyo daɗi! Ashe abin a sama yake, ba a idonsa ba. Nan take Malam ya tsare tafinta da tambaya. Tauraro ne? Gajimare ne? Bature ya ce ko a ƙasarsu gardama ake: wasu sun ce hayaƙi ne, wasu sun ce taron taurari ne da tsananin nisa ya cure wuri guda.

Malam ya riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ko can ma suna duban wata?"

Muntari dai bai ɗago daga madubin ba. Ya ce, "To, ƙananan ga ukku da ag gehe nai hwa?"

Da aka fassara, Bature ya gyaɗa kai, ya ce ai garke-garke suke zama.

Malam ya koma ya leƙa. Ya daɗe. Ya sauya ido, ya kuma sauyawa. Ƙwai ɗaya ne tak.

A hanyar gida Muntari yana ta zuba. Sai a ƙofar gida Malam ya kama hannunsa.

"Ran duban wata, ka taho ka tsaya kusa gare ni."