Kwampresar Motar Hudu

Zubair ya zura hannu cikin injin ya zaro tsinkakken bel, har yanzu yana warin ƙuna. Ya kama bakin kwampresar esi, na'urar sanyaya motar, ya murza. Ko motsi ba ta yi ba.

"Ta cije, Yaya Hudu. Ita ta tsinka bel ɗin."

"Ni ban san wata cijewa ba," in ji Hudu. "Larai na kwance asibitin Kurfi, numfashi ya ƙi. Sun ce a wuce da ita Katsina yanzu-yanzu. Mi za a yi?"

Larai yayar Zubair ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi. Hudu mijinta ne, ma'aikaci a nan Dutsin-Ma. Kullum ya shigo garejin nan sai ya tsokani ƙanin matarsa, ya ce masa likitan sanyi mai zama cikin rana. Yau babu wannan.

Zubair ya kwance bututu ya tara yatsa. Maimakon mai, sai wani gari-gari mai launin toka ya biyo. Ya san wannan garin, kuma ya san mafarinsa. Makon jiya Hudu ya kawo motar, esi ba sanyi, ana gab da tafiya Juma'a. Zubair ya ɗura gas kawai, yadda ake yi a bakin titi in ana sauri, bai duba man kwampresa ba. Kwampresar ta yi kwana da kwanaki tana cin kanta a bushe.

Hanya biyu ce. A sa gajeren bel a tsallake kwampresar, cikin kwatan awa mota ta tashi, gilashi a buɗe. Ko a sauke ta a ɗaura wata ta hannu, 'yar Beljiyam, da ke ajiye a shago. Amma in aka tsallake ta, gobe Hudu zai kai wa wani makanike, wanin kuma zai tara yatsa ya ga garin tokar nan, ya tambayi wa ya taɓa ta na ƙarshe.

"Ko in bar ta in ɗauki shata?" Hudu ya tambaya yana duban titi.

"A wanga zafi? Mai ciwon numfashi a motar da ba sanyi? Ba ni rabin awa, Yaya."

Ya faɗa da ƙarfi har shi ma ya kusa yarda don Larai yake yi.

Rabin awar makanike dai an san ta. Ƙusa ɗaya ta ƙi fita, sai da aka nemo wata sifana a maƙwabta. Bututun ma sai da ya wanke shi sau biyu kafin garin ya ƙare. Wannan karon ya auna mai ya zuba, ya zuƙe iska, sannan ya ɗura gas, komai a kan ƙa'ida, aikin da ba zai fi minti goma ba da ya yi shi ranar Juma'ar. Hudu yana kai da komo, wayarsa na ta ƙara daga asibiti, yana cewa, "Ga mu nan, Inna, ga mu nan." Aka kira azahar, aka idar, suna nan.

Da aka tayar da mota, Zubair ya ɗora bayan hannu a kan bututu. Sanyi ƙalau, har da raɓa.

"Ta yi, Yaya. Mu tafi."

Wayar ta sake ƙara. Hudu ya saurara, sai ya tsuguna a jikin taya yana salati. Can ya ɗago.

"Ta cika. Bayan la'asar za a yi sutura."

Zubair ne ya ja motar zuwa Kurfi, Hudu na zaune gefensa. Ya buɗe baki sau biyu zai faɗa wa Hudu gaskiya, ya fasa. Sanyi na busa masa a fuska. Ya miƙa hannu zai kashe esin, Hudu ya riƙe shi.

"Bar shi. Da shi za mu ɗauko ta zuwa gida." Ya share ido da hularsa. "Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Zubairu. Allah Ya yi maka albarka."

Zubair ya mayar da hannu kan sitiyari. Garin tokar na nan maƙale a ƙarƙashin farcensa.

"Amin," ya ce.