Lambobin da Baba Ya Bari a Rufi

Gidanmu yana yoyo a wuri goma sha ɗaya. Na san adadin ne don Baba ya rubuta.

Haka yake aikinsa. Duk inda ruwa ya fara ɗiga, sai ya bari ƙasa ta bushe, ya ɗauko jan fenti ya zana da'ira a kan siminti, daidai faɗin abin da za a tara a wurin. Ta baho babba, ta kofi ƙarama. Ya sa lamba a tsakiya. Sannan ya hau tsani ya rubuta lambar nan a kan kwanon rufi, gefen ƙusar da ta ci amana, ya liƙe wurin da kwalta da tsumma. In facin ya sake, ba sai an yi ta lalube ba. Mama za ta ce, "Bakwai ta dawo," shi kuma ya ɗauki gwangwaninsa ya hau.

Ya rasu bara, ana gab da faɗuwar damina. Tun daga nan ba wanda ya hau. Ni ya kamata in hau. Ban hau ba.

Daminar ta bar wa Mama tari. Likita ya ce ƙirjinta ba zai ɗauki wata damina a ɗaki mai danshi ba. Yayata ta samo mata wuri kusa da ita, sabon gini, amma sai an sayar da nan za a kama can. Mutum biyu sun zo ganin gidan. Kowanne ya ɗaga kai ya ga shatin ruwa a silin, ya sunkuya ya ga da'irori, ya ce zai kira. Har yau suna kira.

Dillali ya ja ni gefe, yana fifita da hularsa.

"Auta, gida kuke sayarwa ko asibiti? Kowane lungu da lambar gado."

"Baba ne ya zana."

"Allah ya jiƙan Baba. Amma Baba ba shi zai saya ba. Nemo farin fenti da ledar ɗaki. Ba ƙarya za mu yi ba, shiru za mu yi. Akwai wani tela da zan kawo ran Asabar. In ya kuɓuce, sai dai bayan damina, don ba mai sayen gida yana tsaye cikin bokiti."

Kwana biyu na yi ina shafe silin. Na shimfiɗa leda mai zanen katako tun daga bakin ƙofa. Mama ba ta hana ni ba, ba ta kuma taya ni ba. Da na iso ɗakinta, wajen lamba huɗu, 'yar ƙaramar da ke ƙafar gado, sai ta miƙe.

"Bari in fita tukuna," ta ce.

Na jira ta fita. Na rufe.

Ran Asabar da hantsi suka zo. Telan siriri ne, da zaren awo a wuya kamar ya manta da shi. Matarsa na da tsohon ciki, tana tafiya tana dafa bango. A gida yake ɗinki, keke biyu gare shi, falon yake so ya mayar wurin aiki. Ya auna bangon taga da zarensa, ya gyaɗa kai.

"Nan zan sa babban keken," ya ce. "Akwai haske."

Nan ɗin lamba uku ce. Ta baho.

Dillali sai zuba yake. Ga iska, ga maƙwabta na gari, ga silin fari tas kamar haƙorin jariri. Ni ina jingine da ƙofa, hannuna a aljihu.

Mama ta fito daga kicin da tire da kofunan ruwa. Daga ƙofar kicin zuwa kujerar da matar ke zaune taku shida ne, a miƙe. Mama ba ta taɓa yin sa a miƙe ba. Ta yi taku biyu, ta kauce hagu. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake abin da babu. Ta kewaya dama, ta matse zaninta da gwiwar hannu kada ya taɓa ruwa, sannan ta iso. Shekara ashirin ƙafarta na bin hanyar nan. Ban taɓa lura ba sai ranar, da ƙasan ya zama fili.

Matar tela ta karɓi kofi tana kallon ledar.

"Mama, me kike tsallakewa?"

"Ni?"

"Na ga kina kewaye-kewaye. Ko akwai rami ne? Kin ga halin da nake ciki, kada in je in faɗa."

Dillali ya yi dariya da ƙarfi. "Tafiyar manya ce, ƙanwata. Ke ma in kin kai shekarunta rawa za ki riƙa yi a falo."

Mama ba ta yi dariya ba. Ta dube ni. Ba umarni a idonta, ba roƙo. Sai tarin ya taso mata, ta juya baya, ta yi shi a gefen mayafi, mai tsawo, irin wanda ke sa ni ƙirga numfashinta. Tarin nan shi ne dalilin fentin, shi ne dalilin ledar. In na yi shiru minti goma, an gama.

Na dubi cikin matar. Na dubi inda za a sa keken.

Na durƙusa na kama bakin ledar na yaye ta har tsakiyar falo.

Ja, ja, ja. Ɗaya, biyu, uku.

"Zanen yara ne," in ji dillali. "Wasa suke..."

"Zanen mai gidan ne," Mama ta ce.

"Rufin yana yoyo," na ce. "Wuri goma sha ɗaya. Silin ni na shafe shi shekaranjiya."

Dillali ya mayar da hularsa kai, ya ce zai ɗan amsa waya a waje. Wayar ba ta yi ƙara ba.

Telan ya tsuguna kan lamba uku ya daɗe. Na ɗauka zai ce zai kira.

"Lambar ta mece ce?"

Na gaya masa.

"Wato akwai 'yar'uwarta a sama?"

"Akwai."

"Kana da tsani?"

Tsanin yana bayan gida inda Baba ya jingine shi. Na riga telan hawa. Kwanon ya yi zafi, ya yi tsatsa, yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Na ce masa ya riƙa taka layin ƙusa, nan ne katako yake. Maganar Baba ce, ta fito da muryata.

Lambobin na nan, rana ta ɗan cinye su. Telan ya bi su ɗaya bayan ɗaya a tsugune. Ya sa babban yatsa yana shafa bakin kowane faci, yadda ake duba kalmasar riga.

"Tsohon nan ya iya faci," ya ce. "Dubi, sai da ya naɗe bakin tsumman ciki kafin ya shafa kwalta. Yaran shagona na dā ko a wando ba sa yin haka."

Can wajen kusurwa muka tarar da gwangwanin. Kwaltar ta daskare, buroshin na tsaye a ciki. Gefensa akwai faci sabo, baƙi wuluk, da lamba goma sha biyu.

"Ka ce sha ɗaya."

"Sha ɗaya ne a ƙasa."

Na auna da ido. Daidai kan gadon Mama ne, wajen matashi. Ya ga ƙusar ta fara sakewa, ya rufe ta tun ba ta ɗiga ba. Bai gaya wa kowa ba. Hawansa na ƙarshe ke nan, mako biyu bayan nan ya kwanta ciwo.

Na zauna a kan kwanon da zafinsa. Telan ya juya yana kallon rufin maƙwabta, kamar akwai abin kallo a can. Ya ba ni lokaci.

"Gidan hayar da muke ciki," ya ce daga baya, "da sabon fenti na shige shi. Ruwan farko ya sauka kan yadin mutane. Ban san ta ina zai zo ba, shi ya cuce ni. Gida biyar na gani watan nan, duk farare. Wannan ne kaɗai ya faɗa min inda ke masa ciwo." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Amma fa za a rage min. Ɓangaren falo sai na canja kwano bana."

"Za a rage."

"Kuma kai za ka nuna min yadda ake dafa kwaltar nan. Ni allura na sani."

Ragin ya ci ɗaki guda daga wurin da Yaya ta samo. Ta yi faɗa a waya har ta gaji. Mama ta karɓi wayar ta ce, "Mutum nawa ce ni da zan kwana ɗaki biyu? Auta ya kwana a falo, dama can nan yake wuni."

Kafin mu tashi na hau sau uku tare da telan. Na sabunta facin bakwai da hannuna, na naɗe bakin tsumman ciki. Ranar kwashe kaya Mama ta hana a ɗauki baho da bokitai. Ta ja matar tela ɗaki ɗaki tana ajiye kowanne a da'irarsa.

"Wannan kofin na huɗu ne. Kada ki raina shi, in ruwa ya yi ƙarfi sau biyu ake zubarwa. Tara kuwa maƙaryaciya ce, sai an ɗauke ruwa take farawa."

Ruwan farko ya sauko wata Talata da la'asar. Muna sabon wuri. Mama ta zabura ta miƙe, ta yi taku biyu tana waige-waigen baho. Ta tsaya. Ta dubi silin. Ta koma ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya kamar ba ta san inda za ta kai su ba.

Wayarta ta yi ƙara. Na ji muryar matar tela, da kukan jariri, da ƙarar ɗiga a cikin kofi.

"Mama, huɗu ta fara. Amma ki gaya wa Auta, bakwai ta riƙe."