Tarwaɗa a Kan Tudu

Duk mai jefa fatsa a kogin nan ya san dutsen da ke gindin gada, ya kuma san mai shi. Turke ake ce masa. Kafinta ne, yana rufe shago da la'asar sai ya ɗauki sandarsa da gwangwanin tana, ya je ya zauna a kan dutsen kamar an ɗaure shi. Tun gashinsa na baƙi har ya yi furfura bai matsa ba. Kullum kafin ya tashi sai ya watsa dusa a ruwan, don haka kifayen wurin sun saba da shi, shi ma ya saba da su, kwandonsa bai taɓa komawa gida da kunya ba. In ka ce masa ya gwada wani wuri, zai yi maka kallon wanda ya ce ya canza uwa.

Ƙanensa kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, Allah bai yi shi da zama ba. Bakaniken babur ne, sunansa a bakin ruwa Duba-Gaba. Ko kifi na rububin ƙugiyarsa, sai ka ga ya naɗe igiya ya ce, “Yaya, bari in duba gaba.” Ya dawo da magariba, kwando fayau, baki cike da labari. Babban labarinsa, wanda ya ishi kowa da shi, shi ne wai ya ga tarwaɗa tana tafiya a kan tudu. Ba ɗaya ba, ba goma ba, garke guda, sun fito daga wani kududdufi can sama da inda kogi ya rabu biyu, ranar da aka yi ruwan farko, suna ratsa ciyawa za su kogi.

A gaban jama'a Turke ya ce masa, “Ranar da kifi ya fara yawo a tudu, ni kuma zan ɗauki tabarmata in koma kwana a ruwa.” Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Daga ranar ko gaisuwa Duba-Gaba ya yi sai wani ya ce a bincika tukuna.

To, bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Duba-Gaba. Ƙafar dama ta tafi, hannun dama ya tafi, bakin nan da ba ya hutawa ya rufe. 'Yarsa ce ke jinyarsa, tela ce, ta kai kekenta ɗakinsa don kada ta bar shi shi kaɗai.

Ita ce ta zo shagon Turke wata ranar da hadari ya fara haɗuwa. Ta gaishe shi, ta tsaya cikin ɓawon katako tana murza gefen mayafinta.

“Baffa, tun da aka fara hadarin nan Baba ba ya barci. Taga yake nunawa, yana ta ƙoƙarin magana.”

“Ciwo ne, 'yata. Sai haƙuri.”

“Ba ciwo ba ne. Kifin nan nasa ne.” Ta saki gefen mayafin. “Ni ma na yi masa dariya, Baffa, har yarana na koya wa. Ina so in sani tun yana da rai. Ƙarya yake yi?”

Turke ya ajiye zarto. “Ai duk mai fatsa yana ɗan ƙari.”

“Ban ce ƙari ba. Ƙarya na ce.”

Turke ya san shi ne ya fara liƙa wa ƙanensa sunan maƙaryaci, kuma bai taɓa taka ƙafa ya je ya duba ba.

Washegari da hantsi sama ta ɓalle. Ruwan farko ne, irin wanda ke ɗaga ƙanshin ƙasa, kuma duk shekara babu ranar da gindin gada ke bayarwa kamarta. Turke ya iso bakin kogi da sandarsa, ya ga dutsensa yana sheƙi, ya ga Mai-wanki, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan wurin, ya rakuɓe a gefe yana jira. Turke ya san dokar bakin ruwa: wurin da ka bari a rana irin wannan, ka bar shi ke nan. Ya tsaya har ruwa ya jiƙa masa riga. Sannan ya wuce dutsen.

“Turke! Ina zuwa? Ko igiyar ce ta tsinke?” in ji Mai-wanki, yana magana yana hawa dutsen.

Turke ya ci gaba da tafiya. Abin mamaki, hanyar ba ta ɓace masa ba. Sau nawa ya ji labarin yana tsaki, ashe kunnensa na ajiyewa. A wuce ɗakin injin ban-ruwa, a bi ta bayan gonar rake, a tsallake ƙaton icen da ya faɗi. Ga injin. Ga raken. Ga icen kwance daidai inda aka ce.

Bai taɓa sanin kogin nan yana da faɗi haka ba. Shi a saninsa kogi shi ne abin da ke tsakanin ginshiƙan gada biyu. Nan kuwa ruwan ya baje, ya yi ja, yana tafe da rassa da kumfa, tsuntsayen da bai san sunansu ba suna tsaye a kan yashi sun sunkuyar da kai. Takalminsa ɗaya ya maƙale a laka, ya cire ɗayan ya riƙe. Gwiwoyinsa suna ƙara, yana haki, yana zagin kansa da ƙanensa gaba ɗaya.

A inda kogi ya rabu biyu ya hau tudu. Ga kududdufin can, ɗan ƙarami, ruwansa kore. Tsakaninsa da kogi ciyawa ce kwance da ruwan sama ya danne. Babu komai. Ya tsaya, ya duba hagu, ya duba dama, wani baƙin ciki ya rufe shi. Sai a lokacin ya gane cewa duk tafiyar nan so yake a ce shi ne bai yi daidai ba. Ya zauna a kan wani kututture don ya huta kafin ya juya. Zama dai sana'arsa ce, sai ya zauna, ruwa na sauka a kansa.

Da farko ƙara ya ji, wani tsaf-tsaf kamar ana taɓa ruwa da tafin hannu. Sai ciyawar bakin kududdufin ta motsa. Wani baƙin kai mai faɗi ya leƙo, da gashin baki, ya tsaya kamar mai sauraro. Sannan ya fito gaba ɗaya. Tarwaɗa ce, tsawon damtsen mutum. Ta kafa ƙayar gefenta a laka, ta murɗa jiki, ta ci gaba. Ta kafa ɗayar, ta murɗa, ta ci gaba.

“Subhanallahi,” in ji Turke, bai ma san ya faɗa ba.

Ta biyu ta biyo ta, ta uku ta biyo. Kafin ya miƙe tsaye bakin kududdufin ya zama baƙi ƙirin. Manya da ƙanana, wasu kamar yatsa, wasu sun fi duk abin da ya taɓa cirowa a gindin gada, suna fitowa suna bin juna cikin ciyawa, bayansu na walƙiya, bakinsu na buɗewa suna shaƙar iska kamar shi. Babu mai ja musu gaba, amma babu wadda ta yi kuskuren hanya. Kogi suka nufa, kogin da ba sa gani daga nan. Suka iso inda yake, suka rabu, suka zagaye ƙafafunsa, wata ta bi ta kan yatsunsa da sanyinta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zaton ya san kifi ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu, yana tasbihi, hawaye da ruwan sama sun haɗu a gemunsa.

Da ya so da hannu zai cika kwando. Ya ma sunkuya, sai ya fasa. In ya kai ta gari, tarwaɗa ce kawai a kwando, wa zai ce da ƙafarta ta zo? Ya tsaya har ta ƙarshe, wata 'yar ƙarama da ta sha wuya, ta faɗa kogi. Ciyawa ta koma yadda take.

Da ya dawo ta gindin gada, Mai-wanki na kan dutsen, kwando ya cika har yana danna shi da ƙafa.

“Me ka samo a gaban?”

Turke ya buɗe baki. Ya kalli fuskokin masu fatsar wurin, duk sun shirya dariya. Ya rufe, ya wuce.

Bai je gida ya sauya kaya ba. Ya yi sallama a ɗakin ƙanensa, laka har gwiwa. Keken ɗinki ya tsaya. Duba-Gaba na jingine da matashi, ya rame, idonsa kaɗai ke da sauran ƙarfi.

“Na je,” in ji Turke. “Na gan su.”

Idon bai yarda ba. An sha yi masa irin wannan don a ja shi ya fara, a samu abin dariya. Ya kau da kai wajen bango.

Turke ya nemi kalmomi, ya ga duk na ƙanensa ne, kowa ma zai iya maimaita su. Sai dattijon nan da ko a gidan biki ba ya ɗaga murya ya cire hularsa, ya kwanta rub da ciki a kan siminti. Ya kafa gwiwar hannu ɗaya, ya ja jiki. Ya kafa ɗayar, ya ja.

“Baffa!” in ji 'yar, ta dafe ƙirji.

Wani sauti ya fito daga gadon. Duba-Gaba ya juyo, yana girgiza kai da ƙarfi, yana bugun katifa da hannunsa mai lafiya. Ya ɗaga hannun, ya kafa babban yatsa a kan bargo, ya murɗa tsintsiyar hannun gefe, sannan ya tura gaba.

“Haka ne, wallahi haka ne!” Turke ya ce daga ƙasa. “Sai sun murɗa tukuna. Ni ne ban iya ba.”

Ya sake gwadawa, ya kafa, ya murɗa ƙugu, ya ja. Duba-Gaba na dariya da rabin fuskarsa, hawaye na bin ɗaya rabin, hannunsa na tafiya a kan bargo daidai da yayansa a ƙasa. 'Yar ta kalli hannun, ta kalli Baffanta. Ta tashi ta leƙa tsakar gida, ta ƙwala wa yaranta kira su zo yanzu-yanzu.