Tutar da Yaya Ya Yi Min

Yaya ne ya yi min tutar da hannunsa. Guntun rodi ya yanka a shagonsa na walda, ya ɗaura masa jan ƙyalle. Ciwon gwiwa ya hana ni buga ƙwallo, shi ya sa aka ba ni riƙon tuta a gefen fili ranar da masu walda suka kara da kanikawa.

"Ka riƙe ta da hankali," ya ce. "Wuri biyu aka kore ka daga koyon aiki. Shagona ne na ƙarshe."

Dab da hutun rabin lokaci ƙwallo ta fita ta bayan ragar kanikawa. Golansu ya ajiye ta a ƙasa, ya ja baya, ya narka mata ƙafa. Dogo, ɗan gabansu, yana tsaye shi kaɗai a bayan 'yan bayanmu kamar mai jiran mota. Ya tare, ya zura a raga. Ban ɗaga tuta ba.

Yaya ya taho a guje daga cikin fili. "Kai makaho ne? Satar gida ƙiri-ƙiri!"

"Yaya, in ƙwallo ta fita waje gola ya ajiye ya buga, babu satar gida."

"Ji min ɗan banza! Kai da ko aji uku ba ka gama ba?"

Alƙali ya ba su ci.

Saura minti biyar a tashi, Yaya ya je ya tsaya daidai irin wurin da Dogo ya tsaya, yana hararata. Golanmu ya cafke ƙwallo. Bai ajiye ba, don ba ta fita ba. Daga hannu ya sake ta ya buga. Yaya ya tare da ƙirji, ya zura, ya cire riga yana ihu.

Na san me zai biyo baya. Na ɗaga tutar.

Masu walda suka yanyame ni. Wani ya shaƙe min wuyan riga, wani yana tambaya me kanikawa suka ba ni. Yaya ya ture su, ya tsaya hancinsa kusa da nawa.

"Me ya raba tawa da ta Dogo?"

"Tasa daga ƙasa aka bugo bayan ta fita. Taka daga hannu, ana cikin wasa."

"Daga hannu." Ya fizge tutar, ya lanƙwasa rodin a gwiwarsa, ya jefar. "To gobe ka nemi hannun da zai ba ka aiki."

Da safe na tarar da tabarauna na walda da safar hannuna a zube a bakin shago. Yaya yana ciki yana yankan ƙarfe, ko ɗago kai bai yi ba.

Dogo ya leƙo daga garejinsu a tsallaken titi, yana dariya. "Namu! Zo ka riƙe mana sifana, mu ba ma mantuwa."

Na kwashe kayana na cusa a leda.

"Ni ba naku ba ne," na ce. "Kai ma ka tsaya inda Yaya ya tsaya, gola ya bugo daga hannu, ka ga ko ba zan ɗaga tuta ba."

Na bi titi, ban san inda zan nufa ba.