Ƙyauren Hashimu

Sati uku ke nan sabuwar ƙofar ƙarfe tana jingine da bangon ɗakin matsar mai, ko ledarta ba a ɓare ba, kuma kowa a ƙauyen ya san wadda ta hana a kafa ta. Hure ce, shugabar mata masu ƙuli-ƙuli, tsohuwar da in ta ce a'a sai dai mutum ya nemi wuri ya zauna.

Ƙyauren da ake so a cire, mijinta marigayi Hashimu kafinta ne ya yi shi, shekara talatin da wani abu. Katakon maɗaci ne, ya ɗauko a amalanke daga Minjibir. Kwana tara ya yi yana fama da shi a gindin darbejiya, ita kuwa tana kai masa fura tana tsokanarsa, wai ƙofa ɗaya ta zame masa noman shekara. Hashimu bai taɓa kafa ƙofa mai buɗewa waje ba. A ganinsa rashin kunya ne ƙofa ta ture mai sallama. Ciki ya kamata ta ja, ta ba baƙo hanya. Hure na son wannan magana kamar yadda take son mai ita.

Bara, bayan cirar gyaɗa, mai ya kama da wuta a kasko. Mata goma sha ɗaya suka yi kan ƙofa a lokaci guda, na baya na danna na gaba, ƙyauren da sai an ja shi ciki ya ƙi motsi. Asama'u, surukar maƙwabtan Hure, ita ce a gaba tana laluben sakata cikin hayaƙi. Sai da maza suka ɓalle taga. Ba a rasa rai ba, amma Asama'u ta ƙone, kuma tun ranar ba ta sake taka ɗakin ba. Hure ta ce ƙaddara ce. Wanda duk ya ambaci ƙyauren a maganar, ta daina amsa gaisuwarsa.

Ranar Laraba da hantsi Jamil ya zo, ɗan ƙanenta mai aikin ƙofofi a Kano, wanda ya kawo sabuwar. Ya gaishe ta a tsugune, ya sa aka tsayar da ƙofar da firam ɗinta a tsakar fili.

"Gwaggo, ki duba kawai. Kin ga sandar nan da ta gitta? In aka danna ta, harshen da ke riƙe ƙofar sai ya shige, ta buɗe waje. Ba makulli, ba sakata. Yawan masu turawa ma taimaka mata yake yi. In an fita ta koma ta rufe kanta, wuta ba ta bin mutane."

"Ɓarawo fa?"

"Ta waje ba ta buɗuwa sai da makulli."

"To ta sha zamanta. Ƙofar da ke mangare mai sallama ba da ni ba."

Tana faɗa tana tattare zani za ta tafi, sai ga Asama'u ta shigo filin, ta zo karɓar rariyarta da ta bari tun bara. Ta gaishe da Hure, ta tsaya kallon ƙofar.

"Malam Jamil, wai ko ba a kama ta ba tana buɗewa?"

"Gwada ki gani."

Asama'u ta zaro hannun dama daga cikin hijabi. Hure ta je dubiya sau uku, amma kullum hannun a naɗe yake da tsumma, ita ma ba ta taɓa cewa a kwance ba. Yau ta gan shi: yatsu uku sun lanƙwashe sun manne, ko ludayi ba za su riƙe ba. Asama'u ta ɗora gwiwar hannu a kan sandar. Ƙas, ƙofar ta tafi. Ta zagayo ta sake, ta kuma sakewa, tana dariya har da hawaye.

"Inna Hure, in wannan ce, zan iya dawowa aiki."

Kunya ta rufe Hure, baƙin ciki ya biyo baya. Shekara guda tana kare katako, yarinya na zaune a gida da wannan hannu. Ta taka zuwa tsohon ƙyauren, ta dafa shi ta daɗe.

"Jamil, ɗauko kayan aikinka."

Ya taso da guduma. Ta tare shi da hannu.

"Ba da wannan ba. Kusa ɗaya-ɗaya za ka zare, a hankali. Hashimu bai san zai yi haka ba, wallahi da ya sani da shi da kansa zai cire."