Rumfar Hajiya Na'iya

Yara goma sha tara na ƙirga kwance a kan tabarmi, babu ko ɗaya mai motsi. Taku goma daga bakin rumfar, manyan lasifika biyu suna zuba kiɗa har ƙasa na rawa a ƙarƙashin takalmina. Janareto yana gefe yana ta tari. Ni babba da ƙyar nake jin abin da zuciyata ke faɗa, amma yaran nan suna barci kamar a ɗakin uwayensu da asuba. Na tsaya riƙe da hannun ɗana Saifullahi ina kallonsu. Wani abu ya dame ni, na rasa ko mene ne.

"Malam, lamba," in ji matar da ke zaune a kujerar roba a ƙofar rumfar.

Na juya mata tafin hannuna. Goma sha huɗu, da jan biro. Ta nuna mini can ƙurya da haɓarta.

'Yata Umaima tana kwance a gefenta na dama, rigar sallarta ta tattare har cinya, baki buɗe, yawu ya jiƙa tabarma. Na durƙusa na taɓa kumatunta. Na kira sunanta sau uku. Da na ɗaga ta zaune, sai kanta ya faɗo a ƙirjina kamar ba ta da wuya.

*

Sunana Armaya'u, masinja ne ni a wata makarantar firamare a Kebbe, kuma ban taɓa shiga irin wannan wuri ba sai ranar. Saifullahi ne ya jiyo labarin bara a bakin 'yan ajinsu. Wai duk babbar sallah wasu mutane suna zuwa Tambuwal da manyan motoci, su kewaye fili da kwano, su kafa lilo da ƙaramin jirgin ƙasa da wani gidan roba da ake hura wa iska yara su yi ta tsalle a ciki. Shekara guda yana yi mini naci. Bana na ce to, washegarin sallah za mu je.

Matata Hinde ba ta biyo mu ba. Cikinta wata bakwai, ga suyar nama ba a gama ba. Ita ta ɗaure mini Umaima a ƙirji da majanyi, ta ɗora Saifu a bayan babur ta ce ya riƙe rigata da hannu biyu. Umaima shekararta uku, kuma babu gidan da bai san muryarta ba a layinmu. Amma ranar tun kafin mu fita gari ta yi barci, duk ramukan hanyar nan ba ta farka ba. Na ce a raina iskar babur ce.

Mun iso bayan azahar. A bakin ƙofa ta farka tana murza ido, tana kukan ruwa. Ciki kuwa kai ba ka ganin ƙasa don mutane. Layuka sun haɗe da juna, sai ka bi ɗaya rabin awa ka tarar na masu sayen ƙanƙara ne. Yara na kuka, iyaye na kiran sunaye, wani mai jar riga yana busa usur ban san wa yake hura wa ba. Na riƙe Saifu har sai da ya ce hannunsa na ciwo.

Babban lilon nan mai ɗaga mutane sama shi ya kawo Saifu. Da muka kai gaba, mai kula da shi ya dubi Umaima ya girgiza kai.

"Ƙananan ba su hawa. Shi ko wanga ba shi hawa sai da babba."

Na tsaya. Yarinya na kuka a kafaɗata, yaro ya zuba mini ido. Wani mutum a bayana ya taɓa ni.

"Kai ta rumfar Hajiya Na'iya, ga ta can. Yarana biyu suna ciki. Ka samu ka sarara."

Hajiya Na'iya dattijuwa ce mai fara'a, ga babbar kular zoɓo a gefenta. Ta karɓi Umaima kamar jikarta.

"Zo nan, uwata. Ƙishirwa ce, ba komi ba."

Ta rubuta lamba a hannuna, ta rubuta irinta a hannun yarinyar.

"Tahi, Malam. Iyaye ma suna son hutawa."

Kuma ba zan ɓoye ba, na huta. Mun hau lilon, Saifu yana dariya ni ina salati. Daga can sama na ga rufin gidajen Tambuwal har zuwa gonaki. Bayan mun sauka muka sami inuwar wata bishiyar dogon yaro muka zauna, na saya masa rake, na miƙe ƙafafuna. Na daɗe ban yi zama mai daɗi irin wannan ba.

*

"Hajiya, ba ta tashi ba."

"Bar ta, kwana takai. La'asar na yi duk za su tashi."

Na so in tambaye ta yadda aka yi ta san lokacin da yara goma sha tara za su farka, amma ban san yadda zan jera maganar ba. Na zauna a gefen tabarma da 'yata a cinya.

Aka kira la'asar. Kamar yadda ta faɗa, yaran suka fara motsi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya yi miƙa, waccan ta zauna tana kallon iska. Iyaye suna zuwa suna nuna tafin hannu, suna ɗaukar nasu, suna godiya. Tabarmi suka yi ta buɗewa. Umaima ba ta ko juya ba. Numfashinta a hankali yake, tsakanin ɗaya da ɗaya sai na ji kamar ba za ta ja na gaba ba.

Hajiya ta taso ta yayyafa mata ruwa a fuska. Ta matsa ɗan yatsanta. A nan na ga fara'ar ta bar fuskarta.

"Mi kinka ba ta, Hajiya?"

"Zoɓo."

"Zoɓo kaɗai?"

Ta dubi kular. Wata mata da ke sa wa ɗanta takalmi ce ta amsa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ɗan maganin mura ne aka sa ciki, Malam. Kowa ya sani. In ba haka ba, wa ka iya riƙon yara ashirin cikin hayaniyag ga?"

"Kofi biyu tas sha," in ji Hajiya. "Wancan yaron ma biyu yas sha, ga shi can shina tahiya da ƙahwarshi. Shekara uku ina aikin ga, ban taɓa ganin haka ba. Taka ce daban."

Na duba fuskokin da ke wurin ina neman wanda ya ji abin da na ji. Babu. Wani ma cewa ya yi in yi haƙuri, wasu yaran barcinsu nauyi gare shi. Hajiya ta zaro kwalbar daga jakarta ta miƙo mini, babu komai a ciki. Da na ga takardar jikinta sai hankalina ya ɗan kwanta, don irinta ce muke da ita a gida.

Na ɗauko majanyin. Ita Hajiyar ce ta ɗaure mini yarinyar a ƙirji, tana ta cewa Allah shi sawwaƙe, ta kuma kwatanta mini wani ƙaramin asibiti da ke buɗe ko da hutun sallah.

*

Ma'aikaciya ɗaya muka tarar, Malama Ruwaida. Ta kwantar da Umaima, ta buɗe idonta ta haska da tocila, ta ɗora hannu a ƙirjinta tana duban agogo. Na ba ta kwalbar na faɗa mata duk abin da na sani.

"Kofi biyu daga kula guda bai isa shi kai ta haka ba," in ji ta. "Mi anka ba ta kahin nan?"

"Babu. Koko tas sha da sahe."

"Ka tabbata?"

"Ni naɗ ɗauko ta daga gida, Malama."

Saifu yana tsaye a jikin bango da ragowar rakensa a hannu. Ya ce a hankali, "Baba, Inna ta ba ta na hanya."

"Na hanya kamar ƙaƙa?"

"Wanda aka ba ta in za ka yi kwanan rana. Yau murhi biyu tab ba ta, tac ce hanya da nisa."

Malama Ruwaida ba ta dube ni ba. Ta juya tana haɗa ruwan da za ta ɗaura. Na fita baranda na kira Hinde.

"Baban Saifu, kun taso?"

"Mi kinka ba Umaima da sahe?"

Ina jin mai yana ƙara a kasko.

"Maganin mura ne. Don kar ta yi ta mutsu-mutsu bisa babur ta kayar da ku. Lahiya?"

"Mura takai?"

"A'a."

"To don mi?"

"Baban Saifu, ai kullum shi nika ba ta. Kai kac ce in ka dawo aiki ba ka son jin kuka. Inna Zahara'u maƙwabciyarmu tag gwada mini, duk layinmu haka aka yi. Mi yas samu ɗiyata?"

Na faɗa mata. Na ji kaskon ya yi shiru, na ji ta fara kuka. Ina tsaye da wayar a kunne sai na tuna sau nawa ta ce mini maganin mura ya ƙare, in biya kemis in na taso aiki. Ni nake sayowa. Ban taɓa tsayawa na tambayi wane ne ke mura a gidana wata da watanni ba. Har yabon Hinde nake a gaban abokaina, ina cewa ta iya lallashin yaro.

Da na koma ciki ruwan ya fara ɗiga.

"Za ta tashi?" na tambaya.

"Mu jira. Numfashinta bai ƙara sauka ba." Ta ajiye kwalbar a kan tebur kusa da wasu biyu. "Ita ta uku tun jiya."

"Duk daga wurin wasan?"

"Ɗaya daga can. Ɗaya daga gidan biki."

Na zauna a benci. Na so in ji haushin Hajiya Na'iya, sai in tuna ita ce ta ƙulla mini majanyi. Na so in ji haushin Hinde, sai in tuna cikinta da kaskon suya da muryata ina cewa a sa yarinyar nan ta yi shiru. Na dubi tafin hannuna, gumi ya wanke rabin lambar.

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Umaima ta motsa ƙafa. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallon rufi, sannan ta gan ni.

"Baba, yaushe za mu hau lilo?"

*

Malama Ruwaida ta ce mu kwana. Da hantsi muka kama hanyar Kebbe, kuma hanyar ta bi ta gaban filin. An riga an kunna kiɗa. Ta ƙofar da ke buɗe na hango rumfar, an shimfiɗa tabarmi, wani mutum yana miƙa tafin hannunsa ana rubuta masa lamba. Na rage gudu. Na yi tunanin in tsaya in yi masa magana, amma me zan ce masa wanda matarsa ba ta sani ba? Umaima ta fara zillo a ƙirjina tana nuna lilo, motar da ke bayana ta danna oda, na wuce.

A gida ban yi faɗa ba. Hinde ta rungume 'yarta ta daɗe ba ta sake ta ba. Ni kuma na ɗauki kwalbar daga kan taga, inda take zaune tsakanin man shafawa da tandun kwalli, na zubar da ita a makwarara.

Bayan kwana huɗu aka koma aiki. Na dawo da rana tsaka, kaina na sara, na shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki. Ban daɗe da rufe ido ba Umaima ta fara, wai Saifu ya ɗauke mata murfin kwano. Muryar nan da duk layi ya sani ta cika gidan. Na juya dama, na juya hagu. Bakina ya buɗe da kansa.

"Hinde, ki..."

Na tsaya a nan. Tana tsugune a gaban murhu, ta ɗago ta dube ni, sannan ta dubi tagar. Ni ma na duba. Gindin kwalbar ya bar ɗan zagaye mai danƙo a kan siminti, kiyashi sun yi layi suna kewaya shi.

Umaima ta ci gaba da kuka. Babu wanda ya tashi a cikinmu.